Sabo Turken Wawa: Darasi Daga Wasan Da Aka Maimaita Sau 30,000

Mai karatu, a tsakiyar birnin Landan akwai wani madaidaicin gidan wasan kwaikwayo mai suna St Martin's, inda kusan kowane dare mutum takwas ke hawa dandali su faɗi maganganun da wasu mutum takwas suka fara faɗa tun kafin Nijeriya ta sami mulkin kai. Sunan wasan The Mousetrap, wato Tarkon Ɓera, wanda fitacciyar marubuciyar nan ta labaran binciken kisan kai, Agatha Christie, ta rubuta. An fara nuna shi a Landan ranar 25 ga Nuwamba, 1952, kuma a watan Maris na 2025 aka yi bikin nuna shi karo na 30,000. In ban da hutun dole na wata 14 da annobar korona ta jawo, daga Maris na 2020 zuwa Mayun 2021, ba a taɓa dakatar da shi ba. Ko a 1974, lokacin da aka tashe shi daga gidan wasa na Ambassadors zuwa na St Martin's da ke maƙwabtaka da shi, ranar Asabar aka yi wasan ƙarshe a tsohon gida, ranar Litinin aka ɗaga labule a sabo. Ita kanta marubuciyar ta zaci wasan ba zai wuce wata takwas ba, har ma ta ba jikanta kyautar haƙƙin mallakarsa ranar da ya cika shekara tara da haihuwa.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan tarihi shi ne mutanen da ke kan dandalin. Wani ɗan wasa mai suna David Raven ya fito a matsayin mutum guda a cikin wasan, wani manjon soja, har sau 4,575 a tsakanin 1957 da 1968. A birnin Niyok na Amurka kuwa, George Lee Andrews ya shafe shekara 23 a cikin wasan The Phantom of the Opera, ya hau dandali sau 9,382. Tambayar da ta kamata mu yi ita ce, yaya mutum zai maimaita magana ɗaya sau dubbai, a sa'a ɗaya, a tsaye a wuri ɗaya, ba tare da hankalinsa ya yi nasa wuri ba? Sannan ranar da tsautsayi ya gifta, ga ɗaruruwan idanu a kansa, me zai yi? Na ga ya dace mu tattauna wannan batu a wannan fili, domin da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi, da likita da malamin makaranta da alƙali da ma'aikacin banki, kowa yana da nasa dandalin da yake hawa kullum safiya.

Da farko dai ya kamata mu bambance wasan dandali da fim. Matasanmu da suka tashi da finafinan Kano sun san cewa in ɗan wasa ya yi tuntuɓen harshe, darakta zai tsayar da ɗauka a sake, sau goma ma in ta kama, mai kallo kuma ba zai taɓa ganin tarkacen da aka zubar ba. A dandali babu wannan gata. Abin da ya fita daga baki ya fita ke nan. Ƙofa takan ƙi buɗewa daidai lokacin da ya kamata mai laifi ya tsere, bindigar wasa takan ƙi tashi alhali wanda za a harba ya riga ya shirya faɗuwa, gemun da aka manna da danƙo yakan ɓalle saboda gumi, wayar wani ɗan kallo takan ɗauki ƙara a daidai wurin da ake son kowa ya yi tsit. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san cewa wasan da za a yi sau takwas a mako, kamar yadda al'adar manyan gidajen wasa na Landan da Niyok take, ba makawa wata rana sai ɗaya daga cikin waɗannan ya same shi.

Babban abin da 'yan wasa suka fi tsoro shi ne ɗaukewar magana, wato mutum yana tsaye kalmomin su ɓace masa ɓat. Wani zai zaci a daren farko wannan ya fi faruwa, amma tsofaffin 'yan wasa sun sha faɗin cewa bayan an yi watanni ana wasan ne ya fi zuwa da muni. A daren farko fargaba tana tsare mutum, idonsa a buɗe, kunnensa a kan kowace kalma. In aka kai dare na 300, harshe ya riga ya san hanya, yana tafiya shi kaɗai, zuciya kuwa ta tafi lissafin kuɗin haya da na makarantar yara. Kwatsam sai wani ya yi tari a cikin 'yan kallo, hankali ya dawo a firgice ya tambayi kansa inda aka tsaya, nan take zaren ya tsinke. Ranar da ake wasa biyu, da rana da dare, abin ya fi rikitarwa, domin ɗan wasa yakan rasa ko maganar nan yanzu ya faɗe ta ko ɗazu da la'asar. Duk direban da ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san irin wannan hali, inda zai tsinci kansa a Kwanar Ɗangora bai tuna garuruwan da ya wuce ba. Masana halayyar ɗan Adam sun bayyana cewa aikin da jiki ya haddace yakan gudana ba tare da tunani ya sa baki ba, kuma in tunani ya tsoma baki a tsakiya sai ya ɓata shi. Mai karatu na iya gwadawa, ya riƙa lura da ƙafar da zai fara jefawa yayin da yake saukowa daga bene da sauri, ya ga yadda tafiyar za ta harɗe.

Gwaninta ma ba ta hana wannan. Laurence Olivier, wanda Turawan Ingila ke sa shi a sahun gaba na 'yan wasansu na ƙarni na 20, a 1964 yana da shekara 57, yana kuma shugabantar gidan wasan kwaikwayo na ƙasa, tsoron dandali ya kama shi bayan shekaru kusan 40 yana sana'ar. Har ta kai yana roƙon abokin wasansa kada ya bar shi shi kaɗai a gaban jama'a. Ya yi shekaru yana fama da wannan hali, bai kuma daina fitowa ba.

To, mene ne natsuwa a irin wannan wuri? Abu na farko da ake koya wa ɗan wasa shi ne, 'yan kallo ba su riƙe da takardar wasan. Ba su san an yi kuskure ba sai sun karanta shi a fuskarka. Daƙiƙa uku na shiru, da kai kake jin su kamar shekara, su a wurinsu tunani mai zurfi kake yi. Abu na biyu, kada ka yi kamar ba ka ga abin da kowa ya gani ba. In kofi ya faɗi ya fashe, sai ka dube shi ka yi abin da mutumin da kake kwaikwaya zai yi da a ɗakinsa ne ya fashe, domin in ka tsallake shi, idon kowa zai koma kan kofin har a rufe labule. Na tuna muna makarantar sakandare, a wani wasa da muka yi ranar taron iyaye, rawanin yaron da ya fito a alƙali ya warware yana tsakiyar yanke hukunci. Bai ko yi murmushi ba. Ya kama bakin rawanin yana naɗawa a hankali, ya dubi wanda ake ƙara ya ce masa ƙaryarsa ta yi yawa har rawani ya kasa zama. Iyaye suka fashe da dariya suna tafi, da yawa sun tafi gida a kan cewa haka aka tsara. Abu na uku kuwa shi ne sauraro. Wanda ke sauraron abokin wasansa da gaske, ko da ya manta kalma ya san inda zancen ya dosa, abokin kuma yana iya jefa masa tambayar da za ta dawo da shi kan hanya.

Amma kuskure ne a ɗauka cewa natsuwar nan baiwa ce kawai da wasu ke zuwa duniya da ita. Akasarinta tanadi ne da aka yi tun kafin ranar, Bahaushe kuwa ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. A bayan labule akwai manajan dandali, wanda ke zaune da babban littafi ɗauke da kowace kalma da kowane motsi, shi ke ba masu fitila da masu sauti umarni, shi ne kuma ke da ikon tsayar da wasa in ya ga haɗari. Bayan an tashi kowane dare yakan rubuta rahoto: minti nawa wasan ya ɗauka, wa ya makara, wace fitila ta mutu, wace ƙofa ta cije. Ana aika rahoton ga duk waɗanda abin ya shafa don a gyara kafin gobe. In akwai faɗa ko takobi a cikin wasa, ana sake gwada wurin a hankali kafin kowane nuni, ko da an yi shi sau 500. A Tarkon Ɓera kuma, daga baya aka ɗauki al'adar sauya 'yan wasan baki ɗaya a kai a kai, don kada sabo ya cinye wasan.

Sai kuma 'yan ko-ta-kwana, wato waɗanda ke haddace maganganun wani su zauna a bayan fage ko da zai kasa fitowa. Wata baiwar Allah mai suna Nancy Seabrooke ta yi wannan zama a Tarkon Ɓera shekara 15, har ta yi ritaya a 1994. An yi wasa sau 6,240 tana zaune a shirye, sau 72 kacal aka buƙace ta, wato kusan sau ɗaya a kowane wasa 87. Wani zai ce wannan asarar albashi ce. Amma ranar 17 ga Yuni, 2024, Ian McKellen, yana da shekara 85, ya zame daga kan dandali a gidan wasa na Noël Coward da ke Landan ana tsakiyar nuna fagen yaƙi. Nan take aka tsayar da wasa, aka sallami 'yan kallo, aka kai shi asibiti da karaya a wuyan hannu da rauni a ƙashin baya. Bayan 'yan kwanaki aka ci gaba da wasan, domin akwai wanda ya daɗe yana zaune da maganganunsa a ka.

Mu ma a ƙasar Hausa makaɗanmu sun daɗe da irin wannan tanadi, ko da ba su rubuta shi a littafi ba. Duk wanda ya lura da yadda marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ke waƙa, zai ga amfanin 'yan amshi ya wuce daɗin sauraro. Yayin da suke maimaita amshi, kalangu na tafiya, mawaƙi yana samun sararin numfasawa, ya dubi fili ya ga wanda ya shigo, ya shirya ɗan waƙar da zai biyo baya. In wani abu ya gifta, amshi ya rufe gurbin, sanƙira kuma ya cika fili da kirari har ubangidansa ya dawo. Shi ya sa waƙa kamar Bakandamiya, da ya rera ta a wurare da dama cikin shekaru masu yawa, ba ta fitowa iri ɗaya sak, gindinta ne kawai ba ya motsi. Marigayi Ɗanmaraya Jos kuwa, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya yake tsayawa shi kaɗai, duk nauyin fili a wuyansa. Mai irin wannan kiɗa dole ya duba tsirkiyarsa da kyau kafin ya fito, domin ba shi da wanda zai fake a bayansa.

Inda sabo ya fi zama haɗari shi ne wasan da ake yi da abin da ke iya kisa. Gardawanmu masu wasa da kura da macizai sun san haka, shi ya sa takunkumi da sarƙa ba sa rabuwa da kura komai daɗewarta a hannu. A birnin Las Begas na Amurka, wasu Jamusawa biyu 'yan dabo, Siegfried Fischbacher da Roy Horn, sun yi wasa da zakuna da fararen damisoshi irin na Indiya a otal ɗin Mirage tun daga 1990, fiye da sau 5,000. Ranar 3 ga Oktoba, 2003, ranar da Roy ya cika shekara 59, wata damisa mai shekara bakwai, wadda ta saba da shi tun tana ƙarama, ta kauce daga inda aka saba tsayar da ita. Ya yi ƙoƙarin dawo da ita, ta cafki hannun rigarsa, ya faɗi, ta kama shi a wuya ta ja shi bayan fage a gaban mutum kusan 1,500, wasunsu ma sun zaci cikin wasan ne. Ya rayu, amma da shanyewar ɓarin jiki, wasan ya mutu daga wannan dare, ma'aikata fiye da 200 suka rasa abin yi. Shi Roy ya tsaya a kan cewa jini ne ya hau masa, damisar kuma ƙoƙarin janye shi ta yi. A 2019 ɗaya daga cikin masu kula da dabbobin ya fito ya ce Roy ya rage zama da su kafin wasa a shekarun ƙarshe, kuma a daren ya juya damisar ta hanyar da ba a saba ba. Kowace magana aka ɗauka, dare 5,000 na lafiya ba su ba da tabbacin dare na gaba ba.

Akwai kuma wani gefen da ba a cika faɗa ba. Taken da 'yan wasan Turai ke alfahari da shi, cewa komai ya faru sai an ƙarasa wasa, yana da iyaka, kuma an sha biyan rashin sanin iyakar da rai. Ranar 17 ga Fabrairu, 1673, Molière, uban wasan barkwanci na Faransa, yana fitowa a matsayin mai ciwon ƙarya a wasan da shi ya rubuta, alhali shi ciwon gaske ke cin ƙirjinsa. Wani marubucin tarihinsa na farko-farko ya ruwaito cewa an roƙe shi ya huta ya ƙi, saboda talakawan ma'aikata da ke jiran ladan ranar. Ciwon ya taso masa a kan dandali, ya daure ya ƙarasa, ya cika a gida a daren yana da shekara 51. Ranar 15 ga Afrilu, 1984, Tommy Cooper, ɗan barkwancin Birtaniya mai yawo da jar dara, wanda sana'arsa ita ce yin dabon da ke lalacewa da gangan, zuciyarsa ta buga ana nuna shi kai tsaye a talabijin. Ya sulale ƙasa, 'yan kallo suna ta dariya, don ya saba musu da cewa duk ɓarnar da ta faru a hannunsa shiri ce.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne na gidan wasa na Iroquois a birnin Shikago, ranar 30 ga Disamba, 1903. Gidan bai fi mako biyar da buɗewa ba, an kuma yi ta tallarsa a kan cewa wuta ba ta cin sa. Ana tsakiyar wasan rana, cike da mata da yara, fitilar dandali ta yi tartsatsi ta kama labule. Ɗan wasa Eddie Foy ya fito gaban dandali, garwashi na zubo masa, yana roƙon jama'a su kwantar da hankali, ya sa makaɗa su ci gaba da kiɗa. Ya nuna jarumtakar da har yau ake ambato. Amma labulen da aka tanada don tare wuta ya maƙale bai sauka duka ba, ƙofofi da dama a kulle suke ko an rufe su da ƙyalle, mutum kusan 600 suka mutu. Natsuwar mutum ɗaya ba ta iya buɗe ƙofar da aka garƙame. Bayan wannan gobara ne aka tsaurara dokokin da suka sa ƙofofin manyan ɗakunan taro ke buɗewa ta waje, da alamar mafita mai haske a samansu.

Mai karatu, in muka dawo gida, ina ganin akwai abubuwan da ya kamata mu tambayi kanmu. Likitan da ya duba marar lafiya na 60 a yini ɗaya, dukkansu da zazzaɓi, hannunsa ya saba rubuta maganin cizon sauro, shin yana sauraron na 61 kuwa, wanda wataƙila sanƙarau ke damunsa? Malamin da ke karanta wa ɗalibai takardar da ya rubuta shekara 15 da suka wuce, ya san lokacin da harshensa ke tafiya babu shi? Ga ɗan wasa dare na 4,000 ne, amma ga wanda ya sayi tikiti darensa na farko ne, watakila ma na ƙarshe. Haka mai ƙara da ke tsaye gaban alƙali, shari'ar da alƙali ya ji irinta sau dubu, shi ita ce gonar gadonsa guda ɗaya.

Sannan a ofisoshinmu nawa ne ake da littafin da ake rubuta kuskuren yau domin a gyara gobe, ba tare da an mai da shi makamin cin mutuncin wani ba? Abin da muka fi sabawa da shi shi ne a binne kuskure, ƙaramin ma'aikaci ya ja bakinsa don kada a ce ya tona asirin maigida, har ɗan hakin da aka raina ya tsone ido. A ma'aikatu nawa ne aka horar da ɗan ko-ta-kwana, maimakon a ce wa jama'a su dawo mako mai zuwa saboda mai sa hannu ya yi tafiya da makullin a aljihu? Wa aka ba ikon ya ce a tsaya in ya hango haɗari, ko da babba ne ke kan dandali? A ɗakunan taro da na biki da muke cikawa maƙil kowane ƙarshen mako, wa ya taɓa duba ko ƙofar baya tana buɗewa?

A kan murhun da ke dandalin Tarkon Ɓera akwai wani agogo da ke wurin tun daren farko a 1952. An sauya 'yan wasa ɗaruruwa, an sauya labule da kujeru, shi yana nan. Kafin a ɗaga labule kowane dare, sai ma'aikatan bayan fage sun zagaya sun duba kowane kaya da kowace ƙofa, kamar ba su taɓa ganin su ba, duk da cewa jiya ma sun duba. Wannan zagaye na 'yan mintoci, wanda babu ɗan kallon da ya taɓa tafa masa, yana cikin abin da ya kai wasan dare na 30,000. Da kowannenmu zai yi wa nasa aikin irin wannan zagaye gobe da safe kafin ya zauna a kujera, da an rage kuka a asibitocinmu da kotunanmu da makarantunmu. Allah Ya sa mu dace.